Garuruwan da Janar Takobi Ya Ci

Duk wanda ya taɓa kai albasa kasuwar Wurno ya san Malam Halliru mai ɗinkin buhu. In bai san shi da suna ba, to ya san shi da baki. Shekara hamsin ke nan yana gindin rumfa guda, basilla a hannu, zare a haƙora, kuma zaren nan bai taɓa hana shi magana ba. Mutumin Sisawa ne, yana da 'yar gonar gero da dawa a can, amma rayuwarsa a kasuwa take. Ba ya ƙulle bakin buhu sai ya kai ƙarshen yaƙi, mai albasa kuwa ko yana sauri dole ya tsaya a gama da shi.

Yaƙin guda ne, na Bama, kuma shi bai je ba. An haife shi shekara huɗu bayan an tashi. Mahaifinsa Sale ne ya je, ya dawo da akwatin ƙarfe, da takalman da ba su shiga ƙafar kowa, da wani ɗan littafi naɗe cikin fata, da kuma sunan Baturen da ya yi wa aiki shekara biyar. Sunan Baturen wani abu ne mai kama da Takabi. Mutanen Sisawa suka ga wannan ya yi kusa da takaba, bai dace da jarumi ba, sai suka gyara masa shi ya koma Takobi. Wane irin aiki Sale ya yi masa, babu wanda ya tambaya. Mutum ya tafi da kaki ya dawo da kaki, me kuma ake nema?

Ranar da ya dawo aka taru ƙofar gidan mai gari. Sale mutum ne marar yawan magana, irin wanda sai an matsa ake samun kalma biyu. Mai gari ya dube shi ya ce, "To Sale, shekara biyar. Mi kunka ci can?"

Sale ya shiga lanƙwasa yatsu. "Mun ci Kejeri. Mun ci Maligatoni. Mun ci Kotilet, da Risol. Daga baya mun ci Fudin."

Bai rufe baki ba makaɗi ya ɗaga kalangu. Kafin sati ya zagayo, wata bazawara da ta mayar da masu kuɗi uku ta ce ita ba ta son kowa sai wanda ya ci Fudin. Ita ce ta haifi Halliru. Ko Sale ya so ya ƙara bayani a lokacin, to daga nan ya ga babu amfani.

Halliru na da shekara goma sha biyu uban ya rasu. Abin da ya samu daga bakinsa bai fi cikin tafin hannu ba. Kejeri da asuba ake cinsa. A Maligatoni Janar Takobi sai da ya yi gumi ya yi hawaye. Kotilet ba ya ciyuwa sai an daddake shi da guduma. Fudin kuwa wuta aka cinna masa tukuna, Turawa na tafi. Risol, in ji Sale, ba wani abu ba ne, ragowar na jiya ne.

Da wannan 'yar guntuwar Halliru ya gina duk tarihin aikin sojan Janar Takobi, kuma wallahi ginin ya yi kyau. A bakinsa, Takobi ya fara ne yana Kanar a Kaduna, siriri, jajir, rana na wahalar da shi. Aka sa su a jirgin ruwa zuwa Indiya, Kanar ya yi kwana ashirin yana amai, Sale na riƙe masa kai. Da suka dira Kejeri da asuba, masu gari ko fuska ba su wanke ba, sai Sarkin Ingila ya aiko da waya a ƙara masa girma zuwa Birgediya. Maligatoni gari ne mai ganuwa bakwai, sau uku ana komawa. Kotilet a kan dutse yake, shi ya sa aka nemi guduma. Mutanen Risol 'yan gudun hijirar Kotilet ne, ba su yi wata gardama ba. A Fudin Takobi ya zama cikakken Janar, yana tsaye kan tudu yana kallon gari na ci da wuta, Sale na damansa. Kowace shekara ganuwar Maligatoni sai ta ƙara tsawo. Iliyasu mai awon tafarnuwa, wanda rumfarsa ke jikin tasa, ya rantse ya san ta tun tana da ƙofa ɗaya.

Malaman makaranta sun sha tsayawa su ce ba su ga waɗannan garuruwa a taswira ba. Halliru ya kan dube su da tausayi ya ce garin da Takobi ya ci, mi zai rage da za a sa a taswira? Littafin kuwa bai taɓa bari an buɗe ba. Shi ajami ya sani, boko ba ya shiga kansa, amma ya taɓa leƙawa ya ga layi-layi da lambobi a gefe, ya gane tsarin yaƙi ne, da yawan dakarun da aka tura kowace ƙofa. Irin wannan ba a bar wa kowa da kowa.

Ba ya cutar kowa da labarin nan. Shi ne dai abin da yake da shi. Wasu na da shanu, wasu na da fadama, shi yana da Takobi, kuma saboda Takobi ake matsa masa a zauna a sahun gaba wurin ɗaurin aure.

Sai zamani ya juya. 'Yan bindiga suka fara da ƙauyukan Rabah, ana jin labari daga nesa, sannan labarin ya daina zama na nesa. Cikin damina suka shigo gefen Sisawa da rana tsaka, suka kore shanu sittin da wani abu, har da bijiman noma, suka shige daji. Ba a kashe kowa ba ranar, amma an bar magidanta tsaye da igiya a hannu.

Halliru na da ɗa namiji guda, Nasrullahi, ɗan kabu-kabu mai shekara talatin da biyu, da mata da 'ya'ya uku. Shi wannan tun yana goye yake shan Maligatoni a kunne. Da samarin gari suka haɗa kai za su bi sawun shanu, ba a yi wata doguwar shawara kan shugaba ba. Jikan Sale na nan. Su ashirin da uku ne, da bindigogin toka tara, da adduna, da wani mai gwafa. Waɗanda za su je su tarar kuwa kowa ya san irin abin da suke ratayawa.

Nasrullahi ya zo ya durƙusa gaban uban, ya ce, "Baba, littahin Kaka muka so. A karanta muna yadda anka shiga Kejeri da asuba. Hakanan za mu yi musu."

Gaskiya ita ce, abin da ya fara zuwa wa Halliru daɗi ne. Ƙirjinsa ya cika. Shekara hamsin yana zuba, yau ga mutum ashirin da uku za su ɗauki maganarsa su tafi da ita. Sai da yaron ya miƙe ya juya, ya ga bayan wuyansa, wuri mai laushi da yake shafawa yana jariri, sannan tsoro ya kama shi. Tsoro sosai. Ya ce a ba shi kwana ɗaya. A ransa, in dai tsarin nan ne zai dawo masa da ɗa, to gara ya fara jin sa da kunnensa, kada wani ya karanta a karkace.

Washegari da hantsi ya hau mota zuwa Goronyo, wurin 'yarsa Mubaraka, wadda ke koyar da girki da kula da gida a wata makarantar 'yan mata. Ita ma ba ta taɓa ganin cikin littafin ba. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo fura, ta wanke hannu kamar yadda ya umarta, ta kwance fatar. Ta karanta shafin farko. Ta koma ta sake karantawa. Ta ɗauko waya ta duba wata kalma, sai ta sa gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa.

"Kuka kike?" in ji shi.

"A'a Baba." Ta share ido. "Mi Kaka yac ce game da Kejeri?"

"Da asuba anka ci shi."

"To bai yi ƙarya ba. Ga shi nan. Shinkahwa gwangwani biyu. Ƙwai huɗu, a dahwa su yi tauri. Kihi mai ƙauri, a cire ƙaya. Man shanu cokali ukku. A kai wa Janar ƙarhe bakwai, kada shi huce."

Halliru ya ajiye ludayin fura. Ya ce ta wuce Maligatoni.

"Miya ta, Baba. Da barkono da yawa."

"Kotilet?"

"Nama na. A bubbuge shi da guduma har shi yi laushi."

"Risol?"

"Naman da ya rage jiya, a niƙa a soya."

Ya ture furar gefe. Sannan a hankali, kamar mai tambayar lafiyar wanda ya riga ya san ya mutu, ya ce, "Fudin hwa?"

"Wani abin zaƙi na da Turawa ka ci ran Kirsimeti. Ana zuba mai giya a kunna wuta, a shigo da shi shina ci."

"Har da giya," in ji Halliru. Wannan ce ta fi yi masa ciwo a lokacin, ko kuma ita ce ya iya kamawa.

Haka Mubaraka ta bi littafin shafi-shafi, aikin sojan Janar Takobi na fitowa ta hanyar cikinsa. Yana Kanar ƙwai biyu yake ci. Da ya zama Birgediya suka koma uku. Akwai wata shida da ba ya cin komai sai ruwan shinkafa, an rubuta dalili, Mubaraka ta ce ba za ta fassara wa mahaifinta wannan ba. Akwai wurin da aka ja layi biyu ƙarƙashin gargaɗi cewa kada Sale ya ƙara sa daddawa a miyar Janar, ko da ya ga ta yi salam. Halliru ya ji kunya, ya ji haushi, kuma can ƙasa dariya na taso masa yana danne ta, don ya tuna fuskar uban, yadda yakan kau da kai in an fara kirari. Ashe mutumin nan shekara goma sha shida ya yi yana cizon leɓe.

Da ta kai shafin ƙarshe sai dariyarta ta tsaya. Wannan ba girki ba ne, wasiƙa ce da hannun Janar, da sa hannunsa. Ta fassara masa a hankali. Mai ɗauke da wannan, Sale, kukuna ne shekara biyar. Lokacin da aka yi mana ƙawanya kwana tara a bakin kogi, shi ne ya riƙa rarrafe da tukunya yana kai wa sojojin da ke cikin ramuka shayi da shinkafa, ana ruwan harsashi, ba wanda ya sa shi. Ya jawo masu rauni biyu a kan buhu har inda likita yake. Ban yi aiki da wanda ya fi shi zuciya ba. Duk wanda zai ɗauke shi aiki ya ɗauka, sai dai a sa ido a kan sukari.

Nan Halliru ya yi kuka, kuka na gaske, tsoho mai shekara saba'in da huɗu a kan tabarmar 'yarsa. Bai taɓa son ubansa kamar wannan lokacin ba. Duk garuruwan da ya gina masa ba su kai wannan buhun guda ba.

Mubaraka ta ce, "Baba, wanga za ka kai musu. Ka bar sauran nan wurina, ba mai ji. Wanga ya isa."

Ya share fuska da hula. Ya zaro rezar da yake yanke zare da ita daga aljihu, ya jawo littafin, ya bi gindin shafin ƙarshe ya yanke shi tsaf, yankan mai sana'a. Ya miƙa mata.

"Wanga shi za ki ɓoye. Sauran ni ka tahiya da su."

"Baba, ka juya abin."

"Ban juya ba. In yaran ga sunka ji kakan Nasrullahi ya yi rarrahe cikin harsashi ya hito, gobe da asuba suna cikin daji. Ni na san su. Ni na cika musu kunne."

"To mutuncinka hwa? Da na Kaka?"

"Kakanki ya kwanta, ba ya jin dariya. Ni ko ina iya ji."

Ta yi fushi, ta ce wannan zalunci ne ga mamaci. Ya ce haka ne, ya sa takalmi.

Bayan la'asar aka taru ƙofar masallacin Sisawa, samari ashirin da uku da duk wanda ke da ƙafa. Halliru ya miƙa littafin ga Malam Yusha'u na firamare, ya ce ya buɗe Kejeri ya karanta da ƙarfi, ya fassara, kada ya rage komai. Yusha'u ya gyara tabarau ya gyara murya. Ya duba shafin, ya dubi Halliru. Halliru ya gyaɗa kai.

"Shinkahwa," in ji Yusha'u, "gwangwani biyu."

Wani daga baya ya ce ai kalmar sirri ce ta soja, gwangwani na nufin bataliya. Yusha'u ya ci gaba. Da aka zo ƙwai huɗu mai bataliya ya yi ƙoƙari ya ce manyan bindigogi ne. Da aka zo cire ƙayar kifi ya yi shiru. Dariyar ta fara ne daga wurin tsofaffi, waɗanda suka fi kowa daɗewa suna jin labarin, ta bi sahu har ta kai ga mai gwafa, wanda ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki.

Halliru ya bari ta lafa, sannan ya miƙe. Bai taɓa yin gajeren jawabi ba sai ranar.

"Ubana kuku na. Abinci yad dahwa ma Bature. Bai taɓa harbin ko ɓera ba, kuma bai ce ya harba ba, ni nih haɗa sauran. Babu tsarin yaƙi, babu jinin yaƙi gidanmu. Wanda duk za shi daji shi tahi da saninai, amma kada shi ce jikan Sale ya bi."

Nasrullahi bai yi dariya ba. Yana tsaye da bindigar aro a kafaɗa, fuskarsa ta yi baƙi. Ya ce, "Baba, babu komi cikin littahin ga sai miya? Ko abu guda?"

Halliru ya dubi ɗansa ido cikin ido. Shekara hamsin yana ƙarin gishiri bai taɓa jin ya yi ƙarya ba, sai yau da ya zo ragewa.

"Babu," ya ce. "Sai miya."

Nasrullahi ya sauke bindigar ya jingina ta da bangon masallaci, ya ratsa mutane ya tafi. Tafiyar daji ta mutu a wurin. Ba don an yi wa kowa wa'azi ba, sai don mutum ba ya iya bin wanda ya gama yi wa dariya, kuma babu wani da ya yarda ya shige gaba. Shanu ba su dawo ba. Ko da an je za a kwato su, ko gawa ashirin da uku za a kwaso, Allah kaɗai ya sani, kuma ni ba zan yi muku ƙaryar na sani ba. Waɗanda suka rasa bijimai dai har yau wasunsu na ganin Halliru ne ya sa suka yi noma da hannu, kuma ba su ɓoye masa.

Kasuwar Wurno ba ta da tausayi. Kafin sati biyu sunansa ya koma Baba Maligatoni. Direbobin albasa daga Giyawa har Rabah sukan leƙo rumfa su tambaya ko an ci wani gari yau da safe, ko kuwa koko aka sha. Masu tuwo na kiransa ya zo ya duba musu tsarin yaƙi. Wurin ɗaurin aure yanzu inda ya samu nan yake zama. Yana amsa tsokanar, wani lokaci har ya fi su iyawa, amma in ya koma gida jikinsa a mace yake. Mubaraka ta sha cewa za ta kawo takardar nan ta karanta a tsakiyar kasuwa. Kullum amsarsa guda ce, ta bari sai daji ya yi lafiya. Daji kuwa bai yi ba tukuna.

Abin da ya fi nauyi shi ne Nasrullahi. Shi ma an sa masa suna, Jikan Kuku, kuma bai iya ɗauka ba. Da kaka ta yi ya kwashe iyalinsa ya koma Goronyo, ya samu 'yar gona yana noman rani a bakin dam. Yana aiko da hatsi, yana aiko da gaisuwa ta bakin matarsa, amma ƙafarsa ba ta taka gidan uban ba wata bakwai.

Ranar wata kasuwa, lokacin da albasa ta yi yawa har ana takawa, sai ga shi a kan babur da buhu biyu a baya. Hanyarsa ta bi ta gaban rumfar. Ya rage gudu saboda cunkoso, ya zo daidai inda tsohon ke zaune, kusa har ana iya taɓa shi. Bai juyo ba. Ya samu hanya ya ƙara wuta ya wuce.

Halliru ya tsaya da ɗinki ya bi shi da kallo har ya sha kwana wajen masu tumatir.

Iliyasu ya ajiye mudu, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam Halliru, ɗanka na hwa yaw wuce. Ko sallama."

"Na gane shi," in ji Halliru. Ya lalubo zaren ya ci gaba da ɗinki. "Ka ga ya yi ƙiba?"